Yadda ake amfani da takalmin hawan dutse da yadda ake kula da shi

Takalmina na farko na hawan dutse ba a kan dutse ya mutu ba, a cikin kwali ya mutu, a ƙarƙashin gado. Na sa shi bai fi sau shida ba sai na ce kai wannan ai ba na yawon banza ba ne, bari in adana, na goge shi tas na naɗe a leda na mayar cikin kwalinsa. Sai bayan wasu shekaru da tafiya ta taso na ɗauko abina, a ido sabo fil, amma ko kilomita biyu ban yi ba sol ɗin ƙafar dama ya buɗe baki, kafin in ankara na hagu ma ya bi sahu, tsakiyarsa na ta marmashewa kamar busasshiyar ƙasa. Da igiya na ɗaure su na dawo. Tun ranar na gane cewa yawancin takalman nan abin da ake musu a gida shi ke kashe su, wanki ba daidai ba, shanya a rana, ajiya mara kyau. Dutse da tsakuwa ai don su aka yi shi. To bari mu bi abin daki-daki, daga saye har ajiya.

Da farko ka san me ke ƙafarka

Takalmin nan hawa uku ne. Akwai saman, wanda ko dai fata ce zalla mai santsi, ko fata mai gashi-gashi irin nubuk da suwed, ko yadin roba mai raga-raga, wani lokacin a haɗa biyu. Akwai sol na ƙasa mai haƙora wanda ke cizon ƙasa. Sai kuma na tsakiya wanda ba a cika lura da shi ba, shi ne kushin ɗin da ke shanye dukan da ƙafa ke yi. Wannan na tsakiyar ko EVA ne ko PU, wasu nau'o'in roba ne guda biyu masu kama da soso. EVA ba nauyi, ga taushi, amma da tafiya ta yi tafiya sai ya lotse ya daina dawowa. PU ya fi ƙwari ya fi jure kaya, sai dai yana da ciwo guda, danshin iska na cin sa a hankali har ya ruɓe daga ciki, musamman in an ajiye shi ba a sawa a wuri mai zafi da laima. Abin da ya sami nawa kenan.

In ka juya takalmi ka ga wani ɗan tambari rawaya an rubuta Vibram, kamfanin sol ne na Italiya. Wanda ya kafa shi, Vitale Bramani, mai hawan dutse ne, a 1935 abokan hawansa shida suka rasu a tsaunukan Alps, ya ɗora wani ɓangare na laifin a kan takalman zamanin, shi ne a 1937 ya fito da sol na roba mai haƙora. In kuma ka ga an rubuta Gore-Tex, wata siririyar fata ce ta roba da ake sakawa a ciki tsakanin saman takalmi da shafin ciki, wani injiniya Ba'amurke mai suna Bob Gore ya gano sinadarin a 1969. Ƙofofinta ƙanana ne sosai, ɗigon ruwa ba ya iya shiga amma tururin gumi na iya fita. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa wajen wanki.

Ra'ayina dai, in inda za ka yi tafiya zafi ne da bushewa, kar ka wahalar da kanka da mai hana ruwa, ƙafa dahuwa take a ciki. Mai raga-raga ya fi, ko ya jiƙe nan da nan ya bushe. Mai dogon wuya kuma na wanda ke ɗaukar jaka mai nauyi ne ko mai bin duwatsu masu karkarwa, in hanya mai kyau ce da ƙaramar jaka mai gajeren wuya ya ishe ka.

Gwaji, nan ake yin kuskuren da ba ya gyaruwa

Ka je gwaji da yamma, ba da safe ba. Ƙafa na kumbura kaɗan in aka wuni a kanta, kuma a kan hanya ma haka za ta yi har fiye. Ka tafi da irin safar da za ka riƙa sawa da shi. Ka gwada ƙafa biyu duka don kusan kowa ƙafarsa ɗaya ta ɗan fi ɗaya, da babbar ake auna lamba.

Ga dabarar da nake yi. Ka zaro shimfiɗar ciki, wato insol, ka ajiye a ƙasa ka taka a tsaye, dunduniya daidai bayanta. Tsakanin yatsanka mafi tsawo da bakin insol ɗin ya kamata a samu fili kamar faɗin babban yatsan hannu. In gefen ƙafarka ya zubo waje sosai to takalmin ya yi maka siriri, kar mai shago ya ce maka wai zai buɗe, fata kan ɗan saki a faɗi amma tsawo ba ya ƙaruwa har abada, na roba kuwa ko faɗin ma da ƙyar. Bayan nan ka mayar da insol, ka sa, ka ɗaure sosai, ka yi yawo minti goma ko fiye. Ka nemi matakala ko wani gangare ka sauka, in yatsunka na dukan gaba to ajiye shi. Ka hau sama, in dunduniya na ɗagawa sosai tana gogar baya, shi ma ajiye shi. Ɗan motsi kaɗan ba komai, amma ba fita da shiga ba.

Safa rabin takalmi ce

Kar ka sa safar auduga. Auduga na shan gumi ta riƙe, fata ta jiƙa ta yi laushi, sai goga ta samu abin da take so. Ka nemi ta ulu, irin merino, ko ta zaren roba da aka yi don tafiya. Wasu kan sa siririya a ciki sannan mai kauri a sama don gogar ta tsaya tsakanin safa da safa, ni ban cika yi ba amma na ga waɗanda ya yi wa aiki. Abin da ba na wasa da shi shi ne safa ta biyu a jaka, busasshiya. Kuma kafin ka zura ƙafa ka tabbata ba ta naɗe ba, ɗan ninkin da kake rainawa a ƙarƙashin yatsa bayan awa uku shi ne zai hana ka taka ƙasa.

Farce kuma a yanke kwana biyu ko uku kafin tafiya, a miƙe, ba a bi kwana a zurfafa ba. Dogon farce a gangare yana dukan gaban takalmi har jini ya taru a ƙarƙashinsa ya yi baƙi, daga baya ya fita.

Sabo da ƙafa

Sabon takalmi ba a kai shi doguwar tafiya ranar farko, ko da kuwa ya zauna maka daram a shago. Ka fara sa shi a cikin gida awa ɗaya, awa biyu, da safarsa, a ɗaure yadda ya kamata. In akwai inda ke matsa ka tun nan za ka ji, kuma tunda bai taka waje ba wataƙila a karɓa a canza maka. Sannan ka fita da shi gajeren yawo, kilomita biyu ko uku, ka ƙara zuwa biyar, ka ƙara da jaka a baya, ka nemi wuri mai tudu da kwari. Mara nauyi na yadi cikin 'yan kwanaki ya saba, na fata mai kauri kuwa sai ka ba shi makonni. Kuma don Allah ka rabu da shawarar nan ta a jiƙa shi a ruwan zafi ko a kanga shi a wuta wai ya yi laushi, gam ɗin kawai kake kashewa.

Ɗaurin igiya

Mutane da yawa da ke kukan takalmi ya cuce su, ɗauri ne bai yi ba. Kafin ka ja igiya ka buga dunduniyarka a ƙasa sau biyu ta koma can baya ta zauna, ka daidaita harshen takalmin a tsakiya. Ka fara ja daga ƙasa wajen yatsu, nan ba a matsewa sosai, yatsu na son su yi motsi. Da ka iso lanƙwasar ƙafa, inda tafin ke haɗuwa da ƙauri, nan ne wurin aiki. Ka murɗa igiyoyin biyu a jikin juna sau biyu maimakon sau ɗaya, ka ja da ƙarfi, sannan ka zarga a ƙugiya ta gaba. Wannan murɗin biyu ba ya sakin jiki, shi ke danne dunduniya a baya. Daga nan sai ka ƙarasa sama.

In saman ƙafarka na da tudu kuma igiya na danne ka a wuri guda, ka kwance ka tsallake gicciye ɗaya a daidai wurin, igiyar ta bi gefe ta miƙe zuwa huda ta gaba, sai ya zama an bar wa wurin taga. Bayan minti ashirin da fara tafiya ka tsaya ka sake ɗauri don komai ya saki. Wajen hawa za ka iya sassauta wuyan kaɗan idon sawu ya samu lanƙwasa, amma kafin ka fara gangarowa, tsaya, ka matse sosai. Gangare shi ke cin yatsu ba hawa ba.

A kan hanya

Bororo ba ya zuwa ba sallama. Sai ka fara jin wani wuri na ɗumi, kamar ana ɗan goga maka wuta, yawanci a dunduniya ko gefen ƙaramin yatsa. To lokacin ake tsayawa, ba sai an kai inda za a huta ba. Na san kunya ce ke hana mutum, kar a ce shi ne ya tsayar da ayari, amma minti biyar ɗin nan ya fi kwana uku kana ɗingishi. Ka cire takalmi, ka share wurin ya bushe, ka manna filasta mai faɗi a miƙe ba tare da ya tattare ba, ka canza safa in ta jiƙe. In bororon ya riga ya fito kuma ƙarami ne ba ya damunka, ka rufe shi kawai ka ƙyale. In babba ne ba yadda za a taka, a wanke wurin, a huda gefensa da allura mai tsabta ruwan ya fita, amma kar a ɓare fatar, ita ce marfinsa. Mai ciwon suga kuwa kar ya yi wa ƙafarsa wannan aikin da kansa, ya rufe ya nemi ma'aikacin lafiya.

Tsakuwa ko yashi in ya shiga, cire shi nan take. Ban da cin ƙafarka yana cin shafin ciki, kuma in takalmin mai hana ruwa ne wannan siririyar fatar ce yake hujewa. Duk hutun da ya kai minti goma sha biyar ka cire takalmi da safa ƙafa ta sha iska.

Wajen tsallake rafi kar ka shiga ba takalmi, duwatsun ƙarƙashin ruwa na da santsi da kaifi. Ko ka tafi da wani silifas mai maɗauri na daban, ko ka cire safa da insol ka sa takalmin haka ka ƙetare, a can ka zazzage ruwan ka mayar da busassun kayanka. Kuma ka sani duk kyan sol, jiƙaƙƙen dutse mai gansakuka da jiƙaƙƙen saiwa ba su san tambari ba, a hankali ake takawa, da dukan tafin ƙafa, gajeren taku.

In kwana za ku yi a waje, ka zare insol, ka buɗe bakin takalmin sosai, ka sa shi inda raɓa ba za ta sauka a kai ba. Kar ka jera shi a bakin wuta, na ga takalmin da gabansa ya narke mai shi na can yana hira. Da safe kuma kafin ka zura ƙafa ka kife shi ka bubbuga, kunama da gizo-gizo na son wuri mai duhu da ɗumi.

Wanki, da an dawo ba sai gobe ba

Laka in ta bushe a jikin fata tana tsotse mata mai, fatar ta bushe ta fara tsagewa a daidai inda take lanƙwasa. A jikin yadi kuma ƙananan yashin ne ke shiga tsakanin zare suna yanka shi a hankali duk takun da ka yi. Shi ya sa ba a barin ta.

Ka zare igiya gaba ɗaya, ka zare insol. Ka haɗa sol da sol ka bubbuga busasshiyar ƙasar ta zube, ka kife ka zazzage cikin. Ka sa tsinke ko wani ɗan ƙarfe mara kaifi ka ƙwaƙule tsakuwar da ta maƙale a haƙoran sol. Sannan buroshi mai laushi da ruwa mai ɗan ɗumi, ba mai zafi ba, ka bi ko'ina, musamman lungun harshe inda datti ke taruwa, tsohon buroshin haƙori na yin wannan aikin da kyau. Yawancin lokaci ruwa kaɗai ya isa. In dattin ya yi yawa ka sa sabulun da aka yi don takalmi ko ɗigon sabulu mara ƙarfi, ka ɗauraye sosai. Omo da bilic kar su kusance shi, suna wanke man fata da maganin da ke korar ruwa. Injin wanki ma a'a.

Cikin ma ana wankewa jefi-jefi, mutane na mantawa da wannan. Gishirin gumi na taruwa ya toshe ƙofofin nan da muka yi magana, ga wari. Ka zuba ruwa mai ɗumi a ciki ka jijjiga ka zubar, sau biyu ko uku. Insol da igiya a wanke su daban da sabulu. In ka taka ruwan teku kuwa ɗauraya da ruwan daɗi dole ce ranar, gishiri na cin ƙugiyoyin ƙarfe.

Shanya

Nan ne aka fi kashe takalmi. Zafi ne babban maƙiyinsa, rana mai ƙarfi, bakin murhu, hita, na'urar busar da gashi, duk ɗaya ne, gam ya saki, fata ta ƙanƙance ta yi tauri. A inuwa ake shanya shi inda iska ke wucewa, baki a buɗe, harshe a zaro waje. Ka cusa tsohuwar jarida a ciki, ba dam-dam ba, in ta jiƙe ka canza, da farko bayan awa ɗaya ko biyu, daga baya sai a jima. In kana sauri ka kunna masa fanka, tana rage lokacin sosai kuma ba ta ɓata komai. Na fata mai kauri zai iya cin kwana biyu, ka ba shi. Kar ka mayar da insol sai ka zura hannu har can gaba wajen yatsu ka ji ba sanyin danshi.

Mai da feshi

Saman takalmin na da wani magani da ke sa ruwa ya dunƙule ya gangare, kuma yana ƙarewa da amfani. Gwajin ba wuya, ka ɗiga ruwa a kai, in ya tsaya ƙwaya-ƙwaya lafiya lau, in ya nutse wurin ya yi duhu to lokaci ya yi. Abin da mutane ba su gane ba, in saman ya sha ruwa ya jiƙe, gumi ba ya samun hanyar fita, sai ƙafa ta jiƙe mutum ya ce takalmi na yoyo alhali guminsa ne.

Kowace fata da abinta. Fata mai santsi ana shafa mata kirim ko kakin takalmi, kaɗan-kaɗan da tsumma ko yatsa, a bi ɗinki da kyau, a bari ya sha, a goge ragowar. Nubuk da suwed da yadi feshi ake musu, in ka shafa musu kaki gashin zai kwanta launin ya yi duhu, ba zai lalace ba amma kamanninsa sun canza kenan. Yawancin masu ruwa-ruwa a kan takalmi mai tsabta da ɗan danshi ake sa su, amma ka karanta jikin kwalbar. Kar ka yi wa fata ambaliyar mai, ko ka ɗauko man girki ko man shafawa na jiki ka mulka, fatar za ta yi laushi fiye da kima ta daina riƙe ƙafa, kuma ranar da za a canza sol gam ba zai kama ba.

Ajiya da gyara

Wuri mai sanyi, busasshe, mai iska, ba rana. Ba leda, ba but ɗin mota, ba ɗakin da ke yin fumfuna. Ka sassauta igiya, ka ɗan cusa takarda kar gaban ya lotse, kar a ɗora masa kaya. In yana wari ka barbaɗa bekin soda a ciki ta kwana, da safe ka zazzage. Kuma ka riƙa sa shi, ko ba tafiya, bayan 'yan makonni ka ɗauko ka zaga da shi, takalmin da ake takawa ya fi wanda aka ɓoye daɗewa.

Kafin kowace babbar tafiya, kwana biyu kafin ranar ba daren ba, ka duba shi. Ka lanƙwasa shi ka ga ko akwai inda sol ya fara rabuwa. Ka danna farce a kushin na tsakiya, in ya tsage, ko yana marmashi, ko yana danƙo, kar ka yarda da shi ko da saman na sheƙi. Ka duba igiya a daidai inda take gogar ƙugiya, nan take tsinkewa. Ƙaramar ɓarakar sol ana gyara ta a gida, a goge wurin ya bushe, a sa gam na takalmi mai lanƙwasa, a ɗaure tam a bar shi kwana guda, sufa gulu ba ya yi don yana bushewa da tauri ya karye. In haƙoran sol sun cinye amma fatar sama na da rai, takalman fata da yawa ana iya canza musu sol wajen shumeka wanda ya san irinsu, kuma ya fi sayen sabo tunda wannan ya riga ya san ƙafarka. Marasa nauyin nan na EVA kuwa galibi ba a canza musu, in ka ga kushin ya lotse gefe guda, ko tafin ƙafarka ya fara jin kowace tsakuwa, ko gwiwa na ciwo bayan tafiyar da da ba ta damunka, to ya gama aikinsa a dutse, sai a mayar da shi na zirga-zirgar kusa.

Ni dai yanzu a aljihun jakata kullum akwai igiyar takalmi guda ta ajiya, da salatif mai ƙarfi da na naɗe a jikin gorar ruwa, saboda ranar nan da na dawo da sol a ɗaure.